Laraba Ta Shiga, Ni Ina Zaure

Jiya na ji ɗayanku yana cewa fenti ba sana'a ba ce, wai ko akuya aka ɗaura wa rola a wutsiya za ta shafe bango. Na yi dariya, don bai yi ƙarya duka ba. Shafawa ba ta da wata wuya. Inda aikin yake shi ne zaɓen launi, kuma a nan ne aka kayar da ni, kayen da har yau ban gama hucewa ba. Ku yanzu mai gida da matarsa za su zo shago tare, a buɗe musu kati, su nuna da yatsa, inji ya haɗa. A lokacinmu babu kati, babu inji, kuma matar da za ka yi wa ɗakinta fenti ko inuwarta ba za ka gani ba.

Na koyi aiki a hannun Baba Tanko, tun garin nan ana ce masa Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni. Mu biyu ne a ƙarƙashinsa, ni da Bitrus, wani ɗan Gbagyi, Kirista, daga wani ƙauye a wajen Izom. Mun daɗe ba mu taɓa bango da launi ba. Aikinmu wankin buroshi da kananzir, kankare tsohon shafe, goge bango da sanfefa har yatsu su yi jini, da tace farar ƙasa a tsumma. Fentin gwangwani daga Kaduna yake zuwa, kuma launinsa bai wuce fari, baƙi, ja, shuɗi, kore da rawaya ba. Duk wani abin da ya wuce waɗannan, ruwan hoda ne, ruwan goro ne, ruwan hanta ne, da hannunka za ka haɗa shi a bokiti. Baba ya hana mu yarda da abin da muka gani a bokiti. Sai ka shafa a guntun katako ka bar shi ya bushe, don fentin ruwa haske yake ƙarawa idan ya sha iska. Ƙasan bango, inda yara ke goga hannun miya, fentin mai ake sa masa, saman kuma fentin ruwa. Layin da ke raba su da zare muke fitar da shi, a turmusa shi cikin bula, mutum biyu su ja, a ɗaga tsakiyarsa a saki.

Bitrus ya fi ni ƙarfi, kuma layinsa ba ya karkacewa. Amma a wajen haɗa ruwa, tsakani da Allah, bai kama ƙafata ba. Baba kan leƙa bokitinsa ya ce, "Bitrus, wannan koren naka ko tunkiya ba za ta ci ba." Ni kuwa a nuna min abu sau ɗaya, in haɗa maka ruwansa sak. Da wannan na yi suna, kuma da Baba ya rasu, gidajen da yake yi wa aiki a cikin gari duk ni suka nema. Bitrus ya koma yi wa baƙi aiki a bayan gari, malaman makaranta da ma'aikata. A lokacin har tausayinsa nake ji.

Babban gida a cikin gidajen da na gada shi ne na Alhaji Bawa mai motocin doya. Duk gabanin Babbar Sallah sai an sabunta ɗakin matarsa, Hajiya Asabe. Ga yadda ake yi a gidajen kulle. Kana zaune a zaure, mai gida zai shiga ciki, ya fito maka da wani abu daga wajen mai ɗakin, ko ƙyallen atamfa, ko murfin kwano. Aikina na farko a gidan, Alhaji ya fito da murfin kwanon jere, shuɗi mai jan fure a baki, ya miƙo min.

"Ta ce ruwan wannan."

"An gama, Alhaji."

Na zauna a ƙofar gida na yi ta ɗiga fari cikin shuɗi, na taɓa shi da ɗan baƙi, na shafa a katako na jira. Da ya bushe na ɗora murfin a kai. Ba don jan furen ba, ba za ka ce ga inda murfi ya ƙare katako ya fara ba. Alhaji har masu wucewa ya kira su zo su gani. Washegari aka yi sallama a ciki, aka ce mata su kauce mai fenti zai shigo. Na shiga kaina a ƙasa. Ɗakin an kwashe shi kakaf, ba gado, ba kabad, ba kwano ko ɗaya, sai ramukan ƙusa da sawun inda kaya suka jingina. Na shafe shi na fito. Bayan Sallah Alhaji ya ce min, "Ta ce an gode, ya yi." Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, a gidansa da sauran gidaje, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo min da ƙorafi ba.

Sai Bitrus ya yi aure. Matar sunanta Laraba, tela ce, tana da keken ɗinki na hannu da take ɗauka a ka. Da yake mace ce, ba wanda ke tsayar da ita a zaure. Ta shiga gida awon riga, ta zauna a ɗaki, a kawo mata ruwa, a yi hira. Ban san ranar da hirar ta juya ta koma ta bango ba. Abin da na sani, gidan wani mahauci da nake yi wa aiki tun zamanin Baba, Sallah ta matso ba a aiko min ba. Na bi ta ƙofar gidan sai na ga tsanin Bitrus a jingine. Na ce to, tsautsayi ne. Kafin wata Sallar, gidajen da na ga tsanin nan a ƙofarsu sun fi waɗanda suka kira ni yawa.

Shekarar da ta fi min muni ita ce wadda ya kamata ta zama kakata. An ce za a gina babban birnin ƙasa a kusa da mu, baƙi suka cika garin, kowa mai ɗan hali yana rushe ginin ƙasa yana ɗora bulo da kwano. Masu gini ba sa zama, kafintoci ba sa zama. Ni kuwa buroshina har ya sandare a cikin gwangwani. Na koma shafa ƙofofin shaguna da akwatunan ƙarfe, har keken wani na taɓa yi wa fenti don kada in koma gida hannu rabbana. Ina zaune a gindin bishiyar bakin kasuwa sai in ga Bitrus ya wuce da galan biyu a bayan keke, ya ɗaga min hannu, "Sannu, Yaya!" In amsa da baki kawai. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Na ce asiri suke yi. Na ce ina aka taɓa ganin mai fentin da matarsa ke riƙe masa ido. 'Yan gindin bishiya su yi dariya, amma idan matansu suka tashi gyaran ɗaki, Laraba ake aika wa.

Akwai wani malamin makaranta a Tafa da Bitrus ya yi wa falo. Gidansu ba kulle, don haka na ƙirƙiri dalili na je na gani. Na duba bangon da idon ma'aikaci, na ga inda haɗin bai gauraya sosai ba, na ga inda aka ƙara ruwa a tsakiyar aiki launin ya ɗan sauka. Ni da na haɗa shi da ya fi haka tsabta. Amma na zauna a kujerar mutumin nan na kasa tashi, don falon daɗin zama yake da shi, kuma na rasa dalili. Na dawo gida raina ya fi na tafiya ɓaci.

Na ce to, idan mace ce sirrin, ni ma ai ina da mace. Na je wajen yayata Hajara, wadda mijinta ya rasu, ba gidan da ba ta shiga a unguwarmu. Na saya mata goro, na ce ta shiga wani gida da suka kira ni, ta zauna da mai ɗakin ta ji abin da take so. Ta shiga da hantsi, ba ta fito ba sai bayan azahar, tana sakace haƙori.

"Yaya, me ta ce?"

"Ta ce mai kyau take so."

"Mai kyau wane iri?"

"Kai Isiyaku, ka cika tambaya. Ba kai ne mai fentin ba? Ashe ƙanwar mijin nata ciki ne da ita, ka ji wata sabuwa."

"Tagar ɗakin gabas take kallo ko yamma?"

"Ni taga na je gani?"

Daga ranar na bar Yaya Hajara ta huta.

A ƙarshe gida ɗaya ya rage min a cikin gari wanda nake zaɓa wa launin ciki, gidan Alhaji Bawa. Muddin ina riƙe da shi, ina iya ɗaga kai a gindin bishiya, don ba gidan da ya kai shi. Shi ma ya yi sabon gini na bulo, da tagogin gilashi masu buɗewa yanka-yanka. Da aka gama filasta ya bushe, ya aiko a kira ni. Na wanke buroshina, na sa riga mai kyau. Ina shiga zaure sai na ga takalmin mace a bakin ƙofar ciki, da keken ɗinki a ajiye gefe. Sai ga Alhaji ya fito.

"Isiyaku, zauna. Ni dai na ce ba hannun da zai taɓa bangona sai naka. Ita kuma Hajiya ta ce ba idon da zai zaɓa mata sai na Laraba. Na gaji da shari'a. Ita ta zaɓa, kai ka haɗa ka shafa."

"Ranka ya daɗe, shekara nawa ina yi wa Hajiya aiki, an taɓa cewa bai yi ba?"

"Ba a taɓa ba. Amma ni ne nake kwana a gidan, ba kai ba."

Muna cikin haka Laraba ta fito. Wata 'yar siririya ce, ba ta da hayaniya. Ta durƙusa ta gaishe da Alhaji, ta juyo wajena.

"Yaya Isiyaku, ina kwana? Baban yara ya ce a gaishe ka. Shi da kansa ya ce wannan ruwa ba mai iya haɗa shi sai kai."

Da ta yi min rashin kunya da na fi jin sauƙi. Na so in tattara kayana in tafi, sai na tuna idan na fita daga zauren nan, gobe tsanin Bitrus ne zai jingina a ƙofar. Na buɗe gwangwanaye na ce ta faɗi abin da take so.

Ta ce in zuba fari da yawa, in sa rawaya kaɗan. Ta ce in taɓa shi da kore, kan tsinke kawai. Sannan ta ce in ɗiga baƙi.

"Baƙi? A ɗakin mace?"

"Kaɗan, Yaya, don ya kashe masa ƙyalli."

"Kayan Hajiya shuɗi ne da ja. Ni na san su tun kina goye."

"Haka ne, Yaya. Ka dai haɗa."

Na shafa a katako, ya bushe, ta ɗauka ta shige ciki. Ni ina zaune a zaure ina jiyo dariyarsu daga nesa. Ta fito ta ce rawayan ya yi yawa. Na gyara, ta koma. Ta sake fitowa ta ce za ta jira rana ta juya ta gwada shi da la'asar, don a lokacin ne Hajiya ta fi zama a ɗaki. Wuni guda muka yi, tana shiga tana fita, ni da na yi shekaru ina aikin nan kafin ta san buroshi ina jiran abin da za ta ce. Abin da muka ƙare da shi, a idona, ruwan wankin shinkafa ne. Ba shi da sunan da zan kira shi da shi.

Ban taɓa shafa ɗaki da kulawa irin ta wannan ba. Na toshe kowane rami, na goge, na yi shafe uku, na ja layin ƙasa kamar da reza. Nufina idan Hajiya ta ga abin ta ƙi shi, kada a sami inda za a ce laifin hannu ne. Da na gama na tsaya a tsakiyar ɗakin, fanko, na duba. Bangon ya yi fayau kamar marar lafiya. Wallahi daɗi na ji. Na je gindin bishiya na ce su saurara, kwanan nan za a kira ni in mayar da shuɗi.

Aka kuwa kira ni bayan sun tare. Na ɗauki gwangwanin shuɗi na tafi da saurina. Alhaji ya tare ni a zaure ya ce in ajiye shi, ragowar wancan ruwan ake so, tana nan a gidan. Wajen shigar da kabad ne aka karce bango, kuma Hajiya ta ce ba za ta sake kwashe kaya ba saboda ɗan karce, in shiga haka nan in gyara.

Ku lura da wannan, don shi ne abin da nake so ku ji. Tun da na fara sana'a, ban taɓa ganin ɗakin matar kulle da kayansa a ciki ba. Kullum fanko nake samunsa, fanko nake barinsa. Ranar ce ta farko. La'asar ce, rana ta shigo ta gilashi, ta kwaso jan ƙasar tsakar gida ta watsa a bango, sai wannan ruwan wankin shinkafar ya yi ɗumi. Jeren Hajiya ya tashi daga kan kabad har kusa da rufi, kwanuka shuɗɗa, jajaye, farare masu fure, da tasoshin tagulla a sama. Kowane ɗaya ya fito daram, kana iya ganin furensa daga bakin ƙofa. Shimfiɗar gado ta fito, labule ya fito. Bangon da na raina bai yi gasa da komai ba, ya koma baya ya bar kaya suna magana. Na tsaya da buroshi a hannu na manta abin da ya kawo ni.

Daga bayan labulen uwar ɗaka na ji muryar Hajiya Asabe, matar da na yi wa aiki shekaru ban taɓa jin muryarta ba.

"Malam Isiyaku, sannu da aiki. Hannunka da kyau, Allah ya yi albarka."

"Amin, Hajiya."

"Amma ka ba ni wahala. Kullum in aika maka murfi don ka ga irin kayan da zan jera, kai kuma sai ka mayar min da bangon gaba ɗaya murfi. In jera kwanukana su ɓace, baƙuwa ta shigo sai ta matsa kusa kafin ta san ina da kaya."

"Hajiya, Alhaji ne ke cewa kin ce ruwan wannan."

"Alhaji ya taɓa tsayawa ya ji ƙarshen magana? Kafin in rufe baki ya kai zaure."

"To me ya hana ki aiko a ce bai yi ba?"

"An riga an shafa, an biya, ga Sallah ta zo. Kuma kowa yana cewa ba kamarka. Sai in ce an gode."

Na gyara karcen na fito. Abin da ya fi ci min rai shi ne, da ni aka bari na shiga ɗakin nan tun farko, na zauna na ga abin da Laraba ta gani, da ni ma na gane. Idona bai fi nata rauni ba. Ita ƙofa aka buɗe mata, ni aka ajiye ni a zaure da murfi. Haka nake gaya wa kaina har yau, wani lokaci in yarda, wani lokaci in tuna yadda ta ce a jira la'asar, abin da ni bai taɓa zuwa min a rai ba.

Alhaji ya raka ni ƙofa ya dafa kafaɗata. Ya ce daga yau zaure nawa ne, katanga tawa ce, shagunansa na tasha ma nawa ne, amma cikin gida a bar wa Laraba da mijinta, don a zauna lafiya. Na ce na gode.

A hanyar gida ina ta lallashin kaina cewa ko ba komai akwai ɗaki ɗaya a garin nan da ba mai zaɓa masa launi sai ni, ɗakin matata Rabi. Na shiga na same ta a bakin ƙofa tana tankaɗen gari. Na leƙa ciki. Bango kore, kwanukanta na aure kore, ni na haɗa shi da hannuna sak da su, kuma sai da na ƙura ido kafin na raba kwano da bango.

"Rabi, ruwan ɗakin nan ya yi miki?"

"Ya yi mana, Malam."

"Ki gaya min gaskiya."

Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Laraba ta zo yi min awon riga tun bara. Ta ce ruwan ƙwai mai haske ne zai fito da kayan. Na roƙe ta ta rufa min asiri kada ka ji, don na ga halin da kake ciki."

Kafin Sallah na haɗa mata ruwan ƙwan, kuma ya yi kyau ƙwarai, har maƙwabta suna shigowa kallo. A ɗakin nan na ci tuwon dare shekara da shekaru, kuma ban taɓa ɗaga kai na kalli bangon ba tare da raina ya sosu ba.